Kalma ta Biyar

Asabar, 3 ga watan Aban, ƙarfe goma na safe

Jiya muka dawo da Hushang gida. Kwana goma sha ɗaya ya yi a asibiti, suka sallamo mana shi da leda cike da magani da ɓarin jiki guda da ba ya motsi. Hannun dama ya mutu, ƙafar dama ta mutu, baki ya karkace. Likita ya ja ni gefe ya ce ba jijiyar kai kaɗai ba ce, zuciyar ma ta gaji, kada mu sa ran zai ga Noruz, idin sabuwar shekara. Na ce masa na gode. Har yanzu ban san abin da na gode wa ba.

Wannan littafin a durowarsa na samo shi, cikin irin waɗanda yake raba wa ɗalibai. Shekara arba'in da ɗaya ina buga maganar mijina a tafireta, ban taɓa rubuta tawa ba. To yau ga ni. Wa zan gaya wa? Ɗana Kambiz ba a yi masa magana, sai dai a saurare shi. Tuba ƙanwar Hushang kuwa, abin da ya shiga kunnenta da safe, kafin azahar rabin garin Kerman ya ji.

Ba a gaya wa 'yata Delaram ba. Kambiz ya ce kada wanda ya kira Rasht, can bakin teku inda take zaune, shekara tara ba ta tako gidan nan ba, ba yanzu za ta fara ba.

Litinin, 5 ga Aban, bayan la'asar

Wata mata ta zo daga asibiti, mai koya wa irinsu magana, Khanom Sotude, wato Malama Sotude. Ta zauna a bakin gado da katunan hotuna. Ta ɗaga hoton kofi, ya ce kofi. Ta ɗaga na doki, ya ce doki, har da hararar ta don ta raina masa wayo. Sai ta ɗaga hoton mutum yana gudu, ta ce, "Ustaz, me yake yi?"

Ya ce, "Mutum." Ya yi shiru. "Ƙafa." Ya yi shiru. Gumi ya tsattsafo masa a goshi. "Hanya."

A tsakar gida ta ce mini haka abin yake yi wa wasu, sunayen abubuwa suna nan, aikatau ne ya ɓace musu. Ta ce idan zai dawo, gajerun ne kan fara leƙowa, irin su zo, tafi, ba ni.

Wallahi sai dariya ta kufce mini. Matar ta tsaya tana kallona kamar na taɓu. Na ce, "Khanom, kin san wanda kika zo koya wa? Mutumin nan shafi ɗari shida ya rubuta a kan aikatau kaɗai." Shekara arba'in yana dukan tebur a aji, da yaro ya katse ɗan'uwansa sai ka ji tim, "Ka jira aikatau!" Wai tunda Farisanci a ƙarshen jimla yake ajiye aikatau, duk mai katse mutum bai san an ba shi ko an hana shi ba. A gida ma haka ya yi ta yi mana a kan ledar cin abinci, har yaran suka riƙa kwaikwayonsa a bayan idonsa.

Ɗazu ya kira sunana, ya ce, "Izzat. Taga." Na buɗe, ya daki katifa. Na rufe, ya daki katifa. Na ja labule, na sake janyewa. Ashe gogewa yake so a yi, ƙura ta hana shi ganin bishiyar rumman. Na goge ina masifa, yana kallona da ido ɗaya mai hawaye. Na ji kunyar kaina.

Talata, 6 ga Aban, ƙarfe sha ɗaya na safe

Ya nuna fensir da haɓa. Na ɗora masa takarda a kan faranti, na cusa masa fensirin a hannun hagu. Ya fi rabin sa'a yana fama, haruffan suna tangaɗi, amma sun karantu. Kalma huɗu ya rubuta:

Delaram man ra halal

Ya kai bakin fensirin gurbin kalma ta biyar, ya tsaya. Ya danna har bakin ya karye. Sai ya saki.

Shekara tara sunan nan bai fito daga bakinsa ba, ko a kuskure.

Na karanta yadda kowa zai karanta: Delaram tawa, sai ra da ke nuna a kanta aikin zai sauka, sai halal. Maganar yafiya ce, wannan ba ja. Amma halal kaɗai ai rabin aikatau ne. Shi da kansa yake kiran irinsu masu ƙafa biyu, na buga wannan bayanin ya fi sau goma. Ƙafar farko ita ke ɗauke da ma'ana, ta biyu kuma ita ke faɗin wa ya yi, yaushe, kuma an yi ɗin ko an ƙi. Idan kardam ya biyo baya, ya yafe mata ke nan. Idan nemikonam ne, ba zai yafe ba har kabari. Duk su biyun da halal suke farawa.

Na ce, "Hushang, kardam? Ka yafe?" Ya rufe ido. Na ce, "To nemikonam?" Ya daki katifa. Na sake tambayar farko, ya sake dukan katifa. Mutumin da taga ma sai da ya daki katifa sau huɗu, me zan gane?

Laraba, 7 ga Aban, da hantsi

Ya sake rubutawa. Kalma huɗu.

Juma'a, 9 ga Aban, bayan azahar

Ni na jawo wa kaina. Na bar takardar a kan faranti, Tuba ta zo da kwanon kolompe, biskit ɗin nan mai dabino, ta gani. Kafin in sauke tukunyar romo ta riga ta miƙa wa Kambiz.

Kambiz ya karanta a tsaye, ya ce, "To, ai magana ta fito. Baba yana barin wasiyya ne, kada a kawo masa ita. Nemikonam."

Na ce, "A ina ka ga nemikonam? Nuna mini da yatsa."

"Maman, ba sai an rubuta ba. Kina wurin, ina wurin. Mutum ɗari uku a zaure, ana karrama shi, ta miƙe ta faɗi abin da ta faɗa. Wane uba ne zai yafe wannan?"

Tuba ta ce, "Kai dai Kambiz zuciyarka dutse ce. Mutum yana bakin tafiya zai ɓata fensir don ya ce bai yafe ba? Ni da zan tafi ziyara Mashhad ma gida-gida na bi ina neman a yafe mini, har gidan matar da ta sace mini kaza."

Ya ce wa gwaggon tasa, "Amme, ke ai kowa kin ɓata masa, dole ki bi gida-gida."

"Ji ɗan banza! Ni na wanke maka kashi."

Suka yi ta yi a kan mutumin, yana kwance tsakaninsu, idonsa na bin wannan ya bi wancan. Kowa ya ɗauko nasa aikatau yana cusa masa a baki. Kambiz ya sunkuya ya ce, "Baba, in nemikonam ne ka matsa hannuna." Ya matsa. Tuba ta ture shi ta ce, "Dadash, yayana, in kardam ne ka matsa nawa." Ya matsa nata ma, har ta yi ƙara. Na kore su duka zuwa tsakar gida.

Da zai tafi Kambiz ya tsaya a ƙofa yana ɗaure takalmi, ya ce, "Likita ya ce ɓacin rai ɗaya ya ishe shi. Idan kika kira ta ya mutu, ke kika sani."

Romon ya ƙone a gindi. Ba wanda ya ci.

Lahadi, 11 ga Aban, ƙarfe huɗu na yamma

Tsofaffin ɗalibansa uku sun zo dubiya, duk sun yi furfura. Na kawo shayi. Ɗaya mai sanƙo ya ɗauko littafin Hushang na aikatau daga kanta yana shafa bangon, ya ce, "Ustaz, har gobe babi na bakwai muke koyarwa. Sauran babin ilimi ne, amma na bakwai wani abu ne daban, kamar ba hannu ɗaya ya rubuta su ba." Yabo yake yi, bawan Allah. Na biyun ya taka masa ƙafa.

Hushang ya juya fuska bango. Da hannu ɗaya da ƙafa ɗaya ya juya, ban san yadda ya yi ba.

Ni na buga littafin nan tun daga bismillah har shafin ƙarshe. Rubutun Hushang a tsaye yake, da baƙar tawada, ba ya karkata ko kaɗan. Babi shida na buga daga irin wannan rubutun. Na san rubutun hannun kowa a gidan nan.

Bari in je, shayi zai huce.

Talata, 13 ga Aban, ƙarfe tara na safe

Na kira ta.

Na jira Kambiz ya wuce shago, na shiga ɗakin ajiya na rufe ƙofa kamar ɓarauniya a gidana. Mukan yi waya sau biyu a shekara, Noruz da ranar haihuwarta, mu yi maganar ruwan saman Rasht da ciwon gwiwata. Da ta ji muryata a watan Aban sai ta ce, "Ya mutu?"

Na ce bai mutu ba. Na gaya mata komai, hannun, bakin, abin da likita ya ce. Sai ta ce, "Ya tambaye ni?"

A nan ne shaiɗan ya hau harshena. Na ce, "Ya rubuta da hannunsa, Delaram jan, rabin raina. Ya ce ya yafe miki. Halal kardam, ƙarara."

Na zaci kuka zan ji. Dariya na ji, wata irin dariya da ba ta da daɗi.

"Ya yafe mini?"

"Eh, 'yata."

"Shi ya yafe mini. Maman, me na yi masa da zai yafe? Faɗa mini da bakinki. Ke dai kin sani, ko duk duniya ba ta sani ba."

Na ce, "Yanzu ba lokacin tone-tone ba ne."

"Shekara tara ba lokacinsa ba ne. Na riga na fara duba jirgin da zan hau tun kina maganar likita. Amma in don in zo in durƙusa a yi mini afuwa ne, ki gode masa, ki ce ya riƙe kayarsa."

Ta kashe. Na zauna a kan buhun shinkafa na daɗe. Na yi wa Kambiz faɗa don ya cusa wa ubansa aikatau a baki, ga shi ni na cusa nawa, kuma nawa ne ya yi ɓarna. Tir da ni.

Laraba, 14 ga Aban, da azahar

Bai ci ba. Cokali biyu na miya, ya kulle baki.

Alhamis, 15 ga Aban, da hantsi

Kalma huɗu. Takarda ta tara ke nan. Na kira Rasht sau uku, ba a ɗauka ba.

Juma'a, 16 ga Aban, kafin magariba

Bai ci ba. Ƙafarsa ta kumbura, numfashinsa yana wani ƙugi da ban so. Tuba ta ce in dafa masa farfesun kaza, kamar ban san hanyar madafi ba. Duk wanda ya taɓa ƙofa sai Hushang ya ɗaga kai ya duba, in ya ga ba ita ba ce ya mayar. Ban ce ita yake jira ba. Ban san wa yake jira ba.

Na sauko da barguna daga saman kabad saboda sanyi ya fara. Akwai wani akwatin kwali a bayansu, yana nan inda na sa shi. Ban buɗe ba. Na mayar da bargo ɗaya na rufe shi.

Asabar, 17 ga Aban, ƙarfe sha ɗaya na safe

Khanom Sotude ta zo, ta duba shi, ba ta ma fito da katunan ba. A ƙofa ta ce, "In akwai wanda ya kamata ya zo, ya zo a makon nan."

Na ce ta taimake ni da abu ɗaya, idona ba ya ganin waɗannan ƙananan maɓallan. Ta ɗauki hoton takardar farko da wayata, mai alamar karyewar fensir, ta tura Rasht. Ta ce in sa wata magana a ƙasa? Na ce ta rubuta: Ƙarya na yi miki. Iyakar abin da ya rubuta ke nan.

Asabar ɗin dai, bayan la'asar

Ta kira. Ko gaisuwa babu.

"Maman, karanta mini abin da ke takardar nan. Da ƙarfi."

Na karanta. "Delarame man ra halal."

"Tsaya. Wannan e ɗin da kika liƙa wa sunana, a ina kika gan shi?"

Na ce, "Yau kuma? Ai ba a rubuta shi. Wa ya taɓa rubuta shi? Ana dai faɗa."

"To, tunda ba a rubuta shi, wa ya gaya miki yana wurin? Da shi ne maganar take zama Delaram tawa. Cire shi ki sake karantawa. Ki ɗan numfasa bayan sunana."

Na karanta. Delaram. Man ra halal.

Idan babu wannan ɗan wasalin, man ba tawa ba ne, ni ne. Ra ɗin ba a kanta ya sauka ba, a kansa ne. Delaram, ni, ki yafe. Kwana goma sha ɗaya muna kokawa a kan kalmar da babu, mu uku, ba wanda ya kalli huɗun da ke gabansa. Don uba ne, kowa ya ɗauka shi ne mai yafewa.

Na ce, "Amma babanki ba ya rubuta man ra a rabe. Haɗe su yake yi, mara. Shekara arba'in ina bugawa."

"Na sani. Ni ce mai raba su. Tun ina aji uku yake ja mini jan biro a kai. Buɗe babi na bakwai ki ga yadda aka rubuta shi a can, sau nawa." Sai ta ƙara da cewa, "Kuma Maman, yaushe Baba ya taɓa ce mini tawa? Ko sau ɗaya?"

Na sake kallon takardar.

Ta ce, "Ban ce haka yake nufi ba fa. Takardar tana karantuwa ta nan, tana karantuwa ta can. Wataƙila Kambiz ne da gaskiya. Amma ba zan bari ku ƙarasa masa ba. Zan zo in ji da kunnena."

Na shiga wurinsa, na so in tambaye shi. Na tsaya da takardar a hannu, na fasa. Na isa haka nan da sa masa magana a baki.

Litinin, 19 ga Aban, ƙarfe biyu na rana

Tuba ce ta tsegunta cewa na kira Rasht, ba sai an tambaya ba. Kambiz ya shigo kamar zai cire ƙofa.

"Kin kira ta."

"Na kira 'yata."

"Wallahi ba za ta shiga ɗakin nan ba."

Na ce, "Gidan ubanka ne ko naka? Ni na haife ka a wancan ɗakin, ba ka zo da makulli ba." Ban gaya masa zancen wasalin ba. Da me zan fara? In ya ce me Baba zai roƙe ta, in ce masa me?

Yana tsoro ne, na sani. Tun yana yaro in ya ji tsoro sai ya yi ihu. Ni ma ina tsoro. Idan ta shigo zuciyar ta tsaya fa? Idan ya buɗe baki ya ce nemikonam a kan idonta fa, bayan ta ratso ƙasar nan tun daga bakin teku?

Hushang ya sha ruwa kawai.

Talata, 20 ga Aban, kafin magariba

Dole in rubuta kafin Tuba ta sake wa labarin kama.

Ƙarfe goma ta iso. Ta rame, ta yi furfura a gaban goshi, ba wanda ya gaya mini. Ba ta rungume ni ba, ta dai sumbaci kafaɗata ta ajiye jaka. Kambiz yana tsaye a ƙofar ɗakin, ya tokare da hannu.

Ta ce, "Salam, Dadash. Ka yi ƙiba."

Ya ce, "Me kika zo yi?"

"Karatu na zo ji. Matsa."

Ban san me ya gani a fuskarta ba, ya dai sauke hannun. Muka shiga mu huɗu, har da Tuba.

Hushang ya gan ta. Ƙugin nan na ƙirjinsa ya tsaya cak, na ce shi ke nan, na kashe shi. Sai ya ja numfashi. Ba ta durƙusa ba, ba ta taɓa shi ba. Ta jawo kujera ta zauna daidai fuskarsa, ta ɗora takardar a kan bargo.

"Baba, ga ni. Jimlarka ba ta cika ba."

Ya kalli takardar, ya kalle ta. Ya ce, "Delaram." Ya tsaya. Na kasa kunne ko zan ji e ɗin nan, ban ji ba, amma bakinsa a karkace yake, wa zai rantse? "Man. Ra." Gumi ya fara. "Halal."

Shiru. Leɓensa yana motsi, ba abin da ke fita. Jijiyar wuyansa ta miƙe. Tuba ta fara salati ƙasa-ƙasa. Minti ɗaya, biyu, ni dai na ga kamar an shekara.

Kambiz ya ce, "Ya isa! Kuna kashe shi. Baba, na sani, nemi..."

Tim! Delaram ta daki teburin magani da tafin hannu, kwalabe suka yi tsalle. "Ka jira aikatau!"

Muryar ubanta sak. Kambiz, mai shekara arba'in da huɗu da 'ya'ya uku, ya haɗiye sauran. Kuma wallahi na ga gefen bakin Hushang mai rai ya ɗan ɗaga.

Muka jira. Ya runtse ido, ya damƙe bargo, ya turo ta daga can ƙasan ƙirji kamar mai tura kabad.

"Kon."

Ki yi. Gaɓa ɗaya tak. Ba kardam ba, ba nemikonam ba. Delaram, ki yafe mini.

Tuba ta ce, "La ilaha illallah." Kambiz ya ce, "Ta yafe masa? Ita? Me ya yi mata?"

Delaram ba ta ko kalle shi ba. Hawaye na zuba, amma muryarta ba ta karye ba. Ta ce, "Me zan yafe, Baba? Faɗi. Sunaye ai ba su ɓace maka ba."

Na so in ce ta tausaya masa. Na kama bakina.

Ya ce, "Babi." Ya numfasa. "Bakwai." Ya ɗaga yatsan hagu ya nuna ta. "Naki."

Kambiz ya juyo ya kalle ni. Ni ya kalla, ba uban ba. Na fita, na hau kujera, na janye bargon, na sauko da akwatin kwalin. Na dawo na ɗora wa Kambiz a hannu. Shafi tamanin da uku, shuɗiyar tawada, rubutu mai karkata hagu. Ya san rubutun ƙanwarsa, tare suka yi makaranta.

Lokacin da na juyo ta riga ta kama hannun uban, mai ran, ta kifa goshinta a kai. Ta ce, "Kardam, Baba. Kardam."

Da azahar ya sha rabin kwanon miya. Ita ta ba shi.

Alhamis, 22 ga Aban, da hantsi

Yana nan. Likita ya zo jiya ya ce ba abin da ya canja a zuciyar. Na sani. Amma yana barci yanzu, ba ya ɗaga kai in an taɓa ƙofa. Kambiz bai zo jiya ba. Yau da sassafe ya aiko da burodi mai zafi da takarda a ninke, a ba Delaram. Ban buɗe ba, ko da yake raina ya so.

Ɗazu na same ta a tsakar gida tana ɓare rumman a faranti. Na zauna. Na yi ta juya maganar tun shekaranjiya, ta ina zan ɓullo mata. Shi ya ɗauke babin, amma ni na zauna wata biyu ina bugawa daga shuɗiyar tawada, na buga sunansa shi kaɗai a bango. Ranar zauren ina kujerar gaba. Ta kalle ni kafin ta miƙe, ta kalle ni bayan ta zauna, ni kuwa na kalli jakata.

Na ce, "Delaram, ni ma."

Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Ke ma me? Ke ai bakinki lafiya lau."

Sai na faɗa duka, ban rage ko kalma ba. Man ra halal kon.

Ta ci gaba da ɓarar rumman. Ta gama rabi, ta ɗauki ɗaya rabin. Na kasa haƙuri, na ce, "Ba ki ce komai ba. In ba za ki iya ba ki faɗa mini, na san nawa ya fi..."

Ta ƙwanƙwasa farantin da yatsa sau biyu, a hankali, don kada ya farka. Ta ce, "Ki jira aikatau, Maman."

Ta turo mini farantin gabana, ta tashi ta shiga duba shi. Jirginta sai Asabar ta sama. Na ci rumman ɗin, da tsami. Ina jira.